Gawar Roba a Cikin Zanen Mma Adiza

"Ke ce, Sherifa. Ke kika sa na yi shelar mutuwar surukata alhali tana raye, kuma ke za ki wanke ni."

Da wannan Mma Adiza ta buɗe baki, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Tana tsaye a ƙofar ofishin Sista Sherifa, shugabar nas-nas na wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke can ƙasan Maamobi, bayan tashar motocin hayan nan da ake kira trotro. Mayafinta ya zame zuwa kafaɗa, ba ta gyara ba. Ba ta jin nauyin farar rigar Sherifa, don ta goya ta tana yarinya, lokacin da uwarta ke suyar ƙosai a bakin lungunsu.

"Mma, shigo ki zauna," in ji Sista Sherifa, ta janyo mata kujera.

"Na zauna jiya, na zauna shekaranjiya. Zaman ya ishe ni. Gobe suna."

Sherifa ta san gobe suna. Duk unguwa ta sani, kuma duk unguwa ta san an ce kada kakar jaririyar ta taka ƙofar gidan. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ainihin yadda aka kai ga haka.

Ruhaina, matar Muftahu, ɗan Mma Adiza tilo, ta fara naƙuda da hantsi. Cikin fari ne. Muftahu direba ne, a ranar yana kan hanya da lodin doya zuwa kasuwar Agbogbloshie. Mma Adiza ta bar albasarta a hannun maƙwabciya a Kasuwar Malam Atta, ta tari tasi, ta kawo yarinyar asibiti da kanta. Cikin jakar haihuwa, ban da sabulu da leda da kayan jariri, ta saka wani zane nata, shuɗi mai hoton tsuntsaye, wanda ya tsufa har ya yi laushi kamar auduga. A cikinsa aka naɗe Muftahu ranar da ya zo duniya. Garwashi ya taɓa ƙona gefensa, ita ta yi masa faci da hannunta. Ko daga ƙarshen titi ta hango shi za ta gane shi.

Aka shigar da Ruhaina ciki. Ta miƙo wa surukarta wayarta ta riƙe mata, aka rufe ƙofa. Mma Adiza ta zauna a benci tana jan carbi.

Ba a jima ba ƙararrawa ta ɗauki ƙara. Nas-nas suka fito daga ko'ina suna gudu, wata da ledar ƙarin ruwa, wata da tire, wata tana kiran wata. Mma Adiza ta miƙe ta tare guda. Aka kauce mata kamar turmi ne a tsakiyar hanya. Ta tare ta biyu, aka ce, "Mma, ba yanzu ba." Daga ciki tana jin muryar Sherifa tana faɗa da Turanci, irin faɗan da ko ba ka jin yaren ka san abu ya ɓaci. Sai kuma aka yi tsit.

Ƙofa ta buɗe. Wata ɗalibar nas mai suna Nadia ta turo gado mai taya. A kansa mutum ne kwance, an lulluɓe shi tun daga kai har ƙauri, ƙafafu biyu a waje, ba motsi. Lulluɓin kuwa shuɗin zanen nan ne mai tsuntsaye, ga facin nan a gefe, ya jiƙe sharkaf, ja yana ɗiga a siminti. Nadia tana turawa tana share hawaye da kafaɗa. Mma Adiza ta kira sunanta. Yarinyar ta dube ta, ta sunkuyar da kai, ta shige wani ɗaki da gadon, ta ja ƙofa. Sauran nas-nas suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa fuska a ɗaure, ba wadda ta kalli benci.

To, mace mai shekarunta da ta ga zanenta a kan fuskar mutum, ta ga jini, ta ga mai turawa na kuka, me kuma za ta tambaya? Mma Adiza ba ta yi kururuwa ba, don akwai masu ciki a bencin, ba ta so ta firgita su. Ta ce innalillahi a hankali, ta fita. Ta wanke gawa ba adadi a unguwar nan, ta san abin da ke gaba. Musulmi ba ya kwana a firij in da hali, makabarta da nisa, ga cunkoson hanya, in ana so a yi salla kafin la'asar to yanzu ne za a motsa. Ta kira Malam Issifu ladan. Ta kira ɗanta, ya tsaya a gefen hanya yana kuka kamar yaro. Uwar Ruhaina kuwa, Hajiya Zuhura, ba a gaya wa uwa irin wannan a waya. Mma Adiza ta taka da ƙafarta har unguwar Nima, ta durƙusa a gabanta ta faɗa mata. Hajiya Zuhura ta zube a wurin, ta bugu a ƙugu, sai da aka yayyafa mata ruwa.

Bayan azahar aka faɗa a lasifikar masallaci. Aka kafa kanopi, aka jera kujerun roba, aka yanko likkafani. Ƙawayen Ruhaina suka baza hotonta a wayoyi da addu'a a ƙasa. Samari suka tafi haƙa.

Da maza suka je asibiti ɗaukar gawa, sai suka tarar da Ruhaina zaune a kan gado tana shan shayi, ga 'ya mace a gefenta. Ashe tun kafin ƙararrawa an mai da ita ɗakin can ciki, ta haihu lafiya. An fito neman surukarta a yi mata albishir, aka tarar benci ba kowa. Ita kaɗai ta wuni, ba waya, ba ɗan'uwa, tana ta tambaya ko an manta da ita ne.

Mazan suka tambayi mai karɓar baƙi wa ya ce an yi rasuwa. Ta ce, "Mu dai ba wanda ya gaya wa tsohuwar komai." Iyakar abin da suka ɗauko suka kawo unguwa ke nan.

Da farko dariya aka yi. Kafin kwana biyu dariyar ta juya. Aka tuna ai Mma Adiza da Ruhaina sun sha yin cacar baki a tsakar gida, kan yawan magi a miya, kan kallon waya har tuwo ya kama. Aka ce ai abin da ke ran tsohuwar ne ya riga ta fita. Wata ta ce ita ta ga ko hawaye ba ta yi ba da ta zo da labarin. Hajiya Zuhura ta kwashe 'yarta da jaririyar zuwa Nima, ta aiko cewa kada uwar Muftahu ta zo wanka, kada ta zo suna. Mma Adiza ta rantse ta ga gawa a cikin zanenta. Hajiya Zuhura ta ce, "To, 'yan asibitin su zo su faɗa da bakinsu. In ba haka ba, mafarki ta yi da rana." Muftahu kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Ya zo ya tsuguna ya ce, "Mma, ki yi haƙuri, ki bari ƙura ta lafa." Ta ce, "Ƙurar da za ta lafa bayan an raɗa wa jikata suna ban nan?" Har yau ba ta ga fuskar yarinyar ba, sai a wayarsa.

Sai da ta dawo asibiti daga baya ta kama Nadia a bakin famfo sannan ta ji gaskiya. Ba mutum ba ne. Matar roba ce, mai girman mutum, da ciki da komai, wadda nas-nas ke koyon aiki a kanta. Jinin kuwa ruwa ne da kala. Zanen gadon da aka saba rufe ta da shi yana wanki, Nadia ta ga jaka a gefen gadon da Ruhaina ta tashi, ta zaro zane ta rufe ta. Kukan kuma na faɗan da Sista ta yi musu ne, don sun yi nawa.

Wannan ne ya kawo ta ofishin nan yau, karo na uku.

Sista Sherifa ta buɗe durowa ta ciro baƙar leda. "Ga zanenki, Mma. Na sa an wanke, an goge."

Mma Adiza ta dubi ledar, ba ta miƙa hannu ba. "Zane na zo nema?"

"Na ba ki haƙuri jiya, ina ƙara ba ki yau. Wallahi abin ya dame ni."

"Haƙurinki a cikin ɗakin nan yake, ƙofa a rufe, fanka na juyawa. Zagin da ake yi mini a titi yake. Jiya na je cefane, mai tumatir ta ce, 'Mma, yau wa ya mutu?' Kasuwa ta kwashe da dariya. Ni da na aurar da uwarta."

Sherifa ta sauke numfashi. "Bari in gaya miki dalilin abin nan, ko ranki zai ɗan sauka. Mace in jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, kafin ki gama alwala za ta iya tafiya. Ba lokacin tunani ba ne. Dole hannu ya san wa zai danna mara, wa zai sa allura, wa zai nemo jijiya, wa zai kira mota. Kuma hannu yana mantuwa. Ga shi duk wadda na horar ta ƙware, sai ta samu hanyar waje ta tafi, a kawo mini sabuwa. Shi ya sa muke maimaitawa kowane wata. Ba ma kuma sanar da nas-nas ɗin, don jinin gaskiya ba ya sanarwa."

"Kin gama?"

"Na gama."

"Ƙanwata a kan tabarma ta tafi a gabana, tun ba a haife ki ba. Na ga yadda tabarma ke shan jini. Kada ki koya mini wannan. Ku yi ta yi kullum, safe da yamma, ku kwana kuna danna cikin roba, Allah ya ba ku lada. Ku ɓoye wa nas-nas ɗinku, na yarda. Amma ni nas ce? Mu da ke benci, an ce kada a gaya mana? Bakinki zai yage ne in kin leƙo kin ce, iyaye, abin da za ku gani yanzu koyo ne?"

"Akwai sanarwa a bango, Mma."

"Da Turanci."

"E."

"Ko da Hausa ce, ni da ita sai kallo. Rabin matan bencin nan haka suke, kin fi kowa sani. A lungunmu kika tashi, ba a Landan ba."

Sherifa ta juya biro a hannu. "Zan iya kiran Hajiya Zuhura a waya yanzu, a gabanki."

"Sai ta ce na sa 'yar lungunmu ta yi mini ƙarya a waya. Ko ta yarda ma, ita kaɗai ta ji. A lasifika na kashe Ruhaina, Sherifa. Har masu gyaran mota na bakin gota sun ji. A gaban jama'a za a wanke ni."

"Ba ni da ikon in tsaya a taro in yi magana da sunan asibiti. Sai likita ya yarda."

"Likita ya ce mini ba shi ya tsara ba, masu ba da horon ne suka kawo tsarin. Na ce ina suke, aka ce sai wata mai zuwa. Mai karɓar baƙi ta ce ita abin da ta faɗa gaskiya ne, ba wanda ya gaya mini komai. Kowa gaskiyarsa a hannu. Ni kaɗai ce mahaukaciya a Maamobi."

"In na fito na ce an ɗauki zanen majiyyaciya, tambayar farko ita ce wa ya ɗauka. Nadia ɗaliba ce. Za a rubuta wa makarantarsu, ƙila a kore ta. Uwarta koko take sayarwa ta kai ta nan. Kina so haka?"

Nan ne ran Mma Adiza ya ƙara ɓaci, har ta matso ta dafa tebur. "Kada ki ɗora mini yarinyar nan a ka. Ita ta buga ƙararrawa? Ita ta bar matar roba tsirara ba abin rufa? Ita ta yi wa kanta faɗa har ta kasa buɗe baki da na kira ta? Babba ne ke tsayawa ya ce a ƙarƙashina aka yi. Ba sai kin kira sunan kowa ba. Ke dai ba kya son a ga farar rigarki a tsaye gaban matan Nima tana ba da haƙuri."

"Ba haka ba ne, Mma."

"To yaya ne?"

Sherifa ta buɗe baki, sai ta dubi agogon hannunta. Ta miƙe. "Mma, ki ba ni ɗan lokaci. Wancan karon nas-nas ba su yi abin kirki ba kraa, ko kaɗan, yau za mu sake. In na gama sai mu ga abin da za a yi."

"Yau kin gaya wa na benci?"

Sherifa ta tsaya da hannu a kan ƙofa.

Mma Adiza ta raɓa ta ta fita. A benci akwai masu ciki da iyayensu, da wani magidanci da ya rungume fulas. Ta tsaya a gabansu. "Ku ji nan. Yanzu za a buga ƙararrawa, za ku ga gudu, za ku ga jini. Ba na kowa ba ne, jan ruwa ne kamar sobolo, zoɓon nan da ake sha. Kada wanda ya kira ladan." Ta juya ga wata tsohuwa da ba ta jin Hausa, ta maimaita mata da Twi. Sannan ta bi bayan Sherifa.

Ƙararrawa ta ɗauka. Nas-nas suka yo gudu. Suka tarar da Mma Adiza ta riga su shiga ɗakin.

Karo na farko ke nan da ta ga matar robar ido da ido. Ga ta kwance, baki a ɗan buɗe, ido a kafe a silin, ƙaton ciki mai sheƙi, wani siririn tiyo ya fito daga ƙasa zuwa jarkar jan ruwa. Yau an rufe ta da koren zanen gado. Mma Adiza ta daɗe tana kallonta. Ta sa yatsa ta latsa ƙafar, ta lotsa ta dawo. Saboda wannan abin ɗanta ya yi kuka a gefen hanya. Saboda wannan aka haƙa rami aka mayar da ƙasa.

"Mma, don Allah ki fito, aiki muke," in ji wata nas.

"Ku yi. Na hana ku?"

Ta ja da baya ta jingina da bango, ta harɗe hannu. Sherifa ta dube ta, ta ga ba mai fitar da ita sai da kokawa, ta ce a ci gaba. Aka yi. Wannan ta danna mara, waccan ta ɗaura ƙarin ruwa, Nadia ta zuƙo allura. Wata ta manta inda aka ajiye safar hannu, aka yi ta buɗe durowa. Jan ruwa ya zuba, ya zuba, sannan aka tsayar. Sherifa ta ce sun fi na ran nan, amma da saura.

Nadia ta kama gadon za ta tura. Mma Adiza ta zo ta riƙe ƙarfen ƙafa, ta hau gefe ta zauna kusa da matar robar, ta kama idon sawunta ta riƙe gam. Jan ruwan ya fara shiga zanenta, ba ta kula ba.

"Mma, me kike yi haka?" in ji Sherifa, murya ƙasa-ƙasa.

"Wannan ce shaidata. In ba mai bi na, da ita zan tafi. In goya ta in hau trotro, in sauke ta a tsakar gidan Hajiya Zuhura gobe da safe, kowa ya latsa ya ji."

Wata nas ta toshe baki. Sherifa ba ta yi dariya ba. "Kayan asibiti ne. Ba za ki fita da ita ba."

"To ki kira mini ɗan sanda. Shi ma ya zo ya ji, ya ƙara yawan masu ji."

"Akwai masu naƙuda a ciki, Mma."

"Ban tare hanyar kowa ba. Wadda ake buƙata ta tafi."

Ba wadda ta motsa. Daga ƙofa na benci sun fara leƙowa, har da magidancin nan da fulas ɗinsa. Mma Adiza ta gyara zama, ta dubi Sherifa, ta dubi sauran ɗaya bayan ɗaya.

"Ban iya karatu ba, amma na san abin da idona ya gani, kuma ku ma kun san na gani. Kun bar ni ina yawo a unguwa kamar mai fatan mutuwar 'yar mutane. Gobe bayan asuba malamai za su zauna, a raɗa wa jikata suna. Ina so in kasance a ɗakin, a miƙo mini ita in riƙe. Ba zai yiwu ba sai wani daga gidan nan ya tsaya a gaban mutanen ya ce mu muka lulluɓe roba da zanenta, muka wuce da ita ta gabanta, ba mu ce mata komai ba. Wannan ba ta da baki, da ita zan sa. Don haka ki aika a kira likitan, ko ki tsaya ke. Ba zan sauka daga gadon nan ba sai an gaya mini sunan wanda zai amsa. Wa zai bi ni Nima, Sherifa?"